Tsohon da Ya San Sunan Yankan Gero

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kakana na wajen uwa ya rasu a gidansa na Kankiya wata Laraba da hantsi, bayan ya sha kunu ya ce a gyara masa filo. Ina Kusada wurin aiki aka kira ni. Kafin in sami mota in iso har an kai shi, sai tabarmi na tarar a ƙofar gida da takalma birjik.

Kwana uku na yi a ɗakin Iya, wato matarsa kuma kakata, ina sauraron masu gaisuwa. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga wajen Fakuwa ta sauke ƙwaryarta ta yi kuka har da shessheƙa. Ta ce shi ne ya taɓa karanta mata rubutun jikin kwalbar maganin shanu, ya gaya mata kwanansa ya wuce, kada a ba su. Wani tsohon hedimasta ya aiko daga zaure a gaya wa Iya cewa garin ya yi rashin mutumin da ba ya fara magana da "an ce". Sai wata maƙwabciya ta shigo tana tafa hannu, ta ce, "Allah sarki, mai gadin littattafai ya tahi!"

Na ƙyale ta don makoki ake yi, amma maganar ta ɓata mini rai. Rabin rayuwarsa ya yi a laburaren wata kwaleji, kuma har cikin danginsa akwai masu zaton aikinsa kaɗe ƙura ne da cewa ɗalibai su yi shiru. Ni ma haka na ɗauka har na girma. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani da idona, tun kafin a manta ko kuma a ƙara masa gishiri, wanda da yana nan shi ya fi ƙi.

Tsoho nake ce masa, tunda jika ce ni, ina da wannan damar. Shi kuma ya raɗa mini Malama Gaggawa, kuma ban taɓa iya musawa ba. Mutum ne siriri mai tafiya a hankali, kullum akwai fensir a aljihun gabansa da 'yan katuna farare da ya yanka daga kwalin shayi. In ka kawo masa labari, ko da na farashin taki ne a kasuwa, tambaya uku zai yi maka: wa ya faɗa, yaushe, a ina ya gani. Iya ta sha yin faɗa a kan wannan. Ta ce ita dai tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ba da labari ya kai ƙarshe ba.

Ya fara aiki lokacin da kowane littafi ke da katinsa a cikin durowa. Da kwamfuta ta zo, abokan aikinsa da yawa suka ja da baya, shi kuwa ya zauna ya koya a hannun waɗanda ya haifa. Bayan ya yi ritaya ya dawo gida, zaurensa ya zama wurin zuwan ɗalibai masu rubuta kundin kammala karatu. Su zo da waya ko kwamfuta, su buɗe masa rumbun bayanan laburaren makarantarsu, wato ma'ajiyar nan ta intanet da ake tara maƙalun mujallun ilimi. A cikin rumbun, kowace maƙala tana da shafin bayaninta kafin ka kai ga ita kanta: sunan wanda ya rubuta, mujallar da ta buga, shekara, taƙaitaccen bayani, da wani layi da ke faɗin maudu'anta. Tsoho bai taɓa kiran wannan shafi da wani suna ba sai kati. Ya ce katin durowa ne aka sa wa wutar lantarki. Bai taɓa karɓar ko goro ba a hannun ɗaliban nan, sai ma Iya da ke dama musu fura.

Ni ban shiga sahunsu ba sai da ruwa ya kusa cinye ni. Malamar gona ce ni, ina zagaya ƙauyukan Kusada, kuma na koma jami'a yin digiri na biyu a kan ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da Kanawa ke kira wuta-wuta, wadda ke kama saiwar gero ta tsotse shi tun yana ƙasa. Ba don ado na zaɓe ta ba. Gonar mahaifina a Mawashi ta cinye, shekara bayan shekara, har hatsin da ake ɗaukowa ya daina kai mu rani. Na yi wa mahaifina alkawari, na yi wa manoman garin, cewa zan komo musu da abin da zai yi amfani. Babban tsorona shi ne in gama wahala, aikin ya tafi ya kwanta a kan kanta ba wanda ya ƙaru da shi.

Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na biyu har karo biyu. Ya ce ban karanta abin da aka rubuta kafina ba. Ni kuwa na karanta har idona ya yi ja. In na rubuta kalmar Turanci ta gero a rumbun, sai maƙalu su zubo kamar an kwance bakin buhu, rabinsu a kan wasu hatsi na wasu ƙasashe da ban taɓa gani ba. In na ƙara kalmomi don in rage, sai ya ce babu komai. Na tafi Kankiya wata Asabar don in huce, ba don neman taimako ba.

Tsoho na zaune a zaure bayan la'asar. Ya dube ni ya ce, "Malama Gaggawa, wa ya taɓa ki?"

Na ce, "Kwamfuta ce, Tsoho. Ba ta san gero ba."

"Buɗe mu gani. Ki ƙara girman rubutun, idon ya tsufa."

Na buɗe, na nuna masa jerin. Ya ce in zaɓi guda ɗaya da na tabbata a kan geronmu take. Na zaɓa, na kai hannu zan sauke maƙalar kamar yadda na saba, sai ya buge mini yatsa da fensir.

"Ina za ki? Baƙo ya yi sallama, ba ki tambayi daga ina yake ba, za ki kai shi ɗaka? Karanta mani katin."

Na karanta a gurguje. Ya ce in sake, layi layi. Da na zo layin maudu'i ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Mi suka kira geron?"

Na faɗi sunan, na Latin mai kalma biyu, wanda na haddace don jarrabawa tun a aji ɗaya na kuma watsar.

Ya ce, "To, wanga shi ne sunan yankanshi. Ke da laƙabi kike ta kiranshi. In kin shiga kasuwar Kankiya kin ƙwala kira kin ce Auta, mutum nawa za su waiwayo?"

Na yi dariya ba don ina so ba. Na kwafi sunan na sa a wurin nema tare da cikakken sunan ƙudujin da ke kama gero, wanda shi ma a katin na same shi. Jerin ya ragu, kuma kusan duk abin da ya fito nawa ne. Na miƙe zan tafi in gaya wa Iya, sai ya ce in zauna. Ya sa na buɗe katin wata tsohuwar maƙala, tun ta zamanin da yake saurayi a aiki. A can sunan geron daban ne. Ashe masana sun sake masa suna fiye da sau ɗaya, kuma tsofaffin rubuce-rubucen suna nan kwance a ƙarƙashin tsofaffin sunayen. Ya ciro kati daga aljihu ya rubuta mini su duka, ya ce in riƙa haɗa su wuri guda in zan nema. A ranar na sami wani aiki da aka yi a ƙasa mai yashi irin tamu, a ƙetaren iyaka, wanda na yi wata da watanni ina wucewa ta gefensa.

Tun daga nan na zama 'yar zaure. Ya koya mini in duba ko masana sun tantance mujallar kafin ta buga abu, in duba shekara, in karanta taƙaitaccen bayanin in ga a gona aka yi gwajin ko a ɗaki. In maƙala ta yi kyau, in kwashi kalmomin katinta in sake nema da su. Yakan ce kati mai kyau ba ya zuwa shi kaɗai, yana nuna maka gidan 'yan'uwansa. Yana koyarwa yana tsokana. In na yi sauri ya ce Iya ta kawo mini ruwa in sha, ko na huce.

Sai muka ɓata. Laifina ne, kuma zan faɗe shi yadda ya faru.

Akwai wata maƙala da na samu tun kafin in fara zuwa wurinsa, na riƙe ta kamar 'yar cikina. Ta ce in shanu suka kwana a gona rani guda suka zuba taki, ƙuduji ya ƙare. Abin ya yi mini daɗi, don abu ne da muke da shi a hannu: makiyaya na nan kewaye da mu, kuma an saba kiransu su sauka a gona bayan girbi. Ban tsaya wata-wata ba na tara manoman Mawashi a gindin bishiya na shaida musu, mahaifina na zaune a gaba yana gyaɗa kai. A kan wannan maƙala na gina rabin babina.

Wata rana na nuna wa Tsoho ita da alfahari. Ya ce, kamar kullum, in karanta katin. Ban taɓa karanta shi ba, don tun ranar farko na sauke maƙalar ban sake waiwayar rumbun ba. Na fara karantawa, muryata na raguwa. A layin maudu'i dawa aka rubuta, babu gero. Taƙaitaccen bayanin ya ce a cikin tukwane aka yi gwajin. Can ƙasa kuma akwai wani ɗan layi da aka ƙara daga baya, mai cewa mujallar ta janye maƙalar saboda kuskure a lissafin sakamakon.

Na ce, "Ai ba kowa zai lura ba."

Ya ɗora bakin fensir a kan layin nan na ƙasa.

Na ce, "Tsoho, in na cire ta sai na sake babin daga farko. Lokaci ya ƙure mini. Kai ba ka san yadda abin yake yanzu ba, zamaninku daban."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Kin gaya wa mutanen Mawashi?"

"Na gaya musu."

"To. Su masu mujalla sun janye tasu. Ke fa?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rufe kwamfutar da ƙarfi, na ce masa shi dai bai taɓa rubuta komai ba a rayuwarsa sai katin abin da wasu suka rubuta. Na faɗa, kuma na ga inda maganar ta same shi. Na fita ko sallama ban yi wa Iya ba. Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunya ta rufe ni, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Mako uku ban taka Kankiya ba. Iya ta aiko mini da daddawa da kuka ta hannun direban motar Kusada, tare da saƙon cewa tsohon nata ya yanka katuna sun taru ba mai karɓa. Duk da haka ban je ba. Amma tambayarsa ta hana ni sakat. Damina na matsowa, kuma na san akwai waɗanda za su bar cire ƙuduji da hannu su dogara da maganata.

Na koma Mawashi na sake tara su a gindin bishiyar nan. Na ce musu abin da na faɗa kwanaki ban tabbatar da shi ba, na janye. Taki na taimakon gero ya yi ƙarfi, amma kada kowa ya bar tuge ciyawar kafin ta yi fure. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Sai wani dattijo, abokin mahaifina, ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Ɗiyata, ai mun sani. Tun kakanninmu shanu ke kwana gonakin nan, ƙuduji bai tahi ko'ina ba. Mun dai yi shiru ne don kada mu kunyata ki gaban babanki."

Aka fashe da dariya, har da mahaifina. Ni ma na yi, hawaye na zuba. Daga nan suka buɗe baki suka gaya mini abin da suka lura da shi a gonakinsu, wace gona ta fi kamuwa, wace ce ta yi sauƙi bayan an shuka wake ko gyaɗa. Abin da na ji a wannan zama ya fi abin da na tara a wata shida, kuma shi ya zama ƙashin bayan aikina.

Washegari na tafi Kankiya. Na durƙusa a zaure na ce, "Tsoho, na yi kuskure, ka yafe mani." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya faɗa? Yaushe? A ina?" Iya na leƙe daga tsakar gida ta ce in ya hana yarinya tashi ba zai ci tuwo ba. Bai sake tayar da maganar da na gaya masa ba, ko sau ɗaya.

Na sake babin daga farko. Ranar da na kare kundin a gaban malamai, babu wanda ya ko ambaci maƙalar da na cire. Na dawo na gaya masa, da ɗan ƙorafi, cewa da na bar ta ma ba wanda zai gane. Ya ce, "Dama ba don su muka cire ta ba." Ya ci gaba da fiƙe fensirinsa.

A shekarar da ta biyo baya jikinsa ya fara ƙi. Idon ya tafi kusan gaba ɗaya, ya daina fita zaure, ɗalibai suka riƙa shiga har ɗaki suna karanta masa. A lokacin ne laburaren jami'armu ya shigar da kundina cikin rumbunsa. Na zo da murna na ce, "Tsoho, ni ma na yi kati!" Ya gyara kwanciya ya ce in karanta, kuma kada in yi gaggawa.

Na karanta sunana, ya ce madalla. Na karanta taken aikin da taƙaitaccen bayanin, yana gyaɗa kai. Na zo layin maudu'i na karanta sunayen Latin ɗin nan tsaf, ina jiran yabo. Sai ya juyo da kai wajena.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sunan yanka ne fa, kamar yadda ka koya mani."

"Wanga na masana ne, sun samu nasu. To ɗiyar manomi da ta shiga makarantar gona bana, wadda ba ta san shi da wani suna ba sai ƙuduji, in ta rubuta mi za ta samu?"

Na ce babu.

"Ashe kin ɓoye masu shi. Ki koma ki roƙi mai laburare ta ƙara ƙuduji, ta ƙara wuta-wuta don Kanawa, ta ƙara gero da maiwa. Ki gaishe ta da kyau, ki ce wani tsohon ɗan'uwanta a sana'a ya aiko ki."

Na je. Matar ta ce ba su saba sa kalmomin Hausa a wannan layi ba, amma akwai wurin kalmomin marubuci, za ta duba. Na yi ta bibiya, abin ya ɗauki lokaci. Duk zuwan da na yi Kankiya sai ya tambaya, ni kuma in ce tukuna. Zuwana na ƙarshe ma ya tambaya. Na ce tukuna, Tsoho. Ya ce ba komai, aikin kati ba ya son gaggawa, ya ja hannuna ya riƙe.

An yi gyaran katin bayan sadakar bakwai ɗinsa. Na gani a wayata ina cikin motar Kusada, na kifa wayar a cinya ban gaya wa kowa ba, don wanda zan gaya wa ba ya nan.

Ana gab da arba'in sai ga saƙo daga wata ɗaliba da ban sani ba, 'yar Yashe, tana shekarar farko a wata makarantar aikin gona. Ta ce gonar mahaifiyarta ce ta lalace, ta shiga rumbun laburare ba ta san me za ta rubuta ba, sai kawai ta rubuta ƙuduji. Abu ɗaya ne ya fito, nawa. Ta karanta, ta kwafi sunayen da ke katin ta sake nema, ta sami wasu. Tana tambaya ko zan zo in yi wa matan unguwarsu bayani kafin shuka.

Na ɗauki wayar na tafi Kankiya na karanta wa Iya, tana zaune a kan tabarmar takaba da carbi a hannu. Na bayyana mata yadda abin ya faru tun daga farko. Wannan karon labarin ya kai ƙarshe ba wanda ya katse shi, kuma mu biyun mun lura da hakan.

Ta ce, "To sunanshi na cikin katin?"

Na ce, "A'a, Iya. Ba a sa sunan mai laburare a kati."

Ta ja carbi ɗaya, biyu. Ta ce, "Haka yake so. Shi dai a samu abin." Sannan ta dube ni ta ce, "Yaushe za ki Yashen?"

Na ce ranar Asabar.

"Ki tahi da wuri. Kuma in sun yi magana ki tsaya ki ji."

Allah ya jiƙan Tsoho, ya haskaka makwancinsa, ya sa abin da ya koya mana ya riƙa isa gare shi. Ranar Asabar na tafi Yashe, matan sun fi ƙarfin tabarmin da aka shimfiɗa, sai da aka aro wasu a maƙwabta.